Yadda za ka hana a sayar wa mutum biyu kujera ɗaya a manhajarka

A ce kana rubuta manhajar yankar tikitin mota daga Gombe zuwa Bauchi. Kowace kujera tana da gurbi a rumbun bayanai mai suna an_kama, amsarsa e ko a'a. Masu koyo kan fara aika SELECT (umarnin karanta bayani) su duba ko kujerar na nan, sannan su bi da UPDATE (umarnin canza bayani). A 'yar tazarar da ke tsakani ne wani a Pantami da wata a Tumfure za su ga kujera ta 4 ba kowa, kowa ya biya. Rigima sai an haɗu a tasha.

Fara da gurbin kansa: sa masa NOT NULL DEFAULT FALSE, wato ba zai zauna fanko ba, kuma zai fara da FALSE. In NULL (wato fanko) ya shiga, sharaɗin an_kama = FALSE ba zai ga layin ba sam. Mai aiki da rumbun MySQL ya ƙara kula, BOOLEAN ɗinsa (nau'in TRUE ko FALSE) TINYINT(1) ne, wato ƙaramar lamba, har 2 yana karɓa. Ƙara masa CHECK, sharaɗin da ke tantance abin da zai shiga gurbin, wanda ya fara aiki daga siga ta 8.0.16.

Daga nan haɗa tambaya da aiki a umarni guda:

UPDATE kujeru SET an_kama = TRUE WHERE lamba = 4 AND an_kama = FALSE;

Nan ne gaba ɗayan maganar take. A tsarin da rumbun PostgreSQL ke zuwa da shi, in mutum biyu sun turo a tare, umarni na biyu zai jira na farko ya kammala, ya sake duba sharaɗin, ya tarar an riga shi, bai taɓa komai ba. Kai dai ka duba yawan layukan da suka canza: 1 ka samu, 0 ba ka samu ba.

Don Allah ka guji SET an_kama = NOT an_kama, mai juya amsar duk lokacin da aka tura shi. Sabis kan yanke, wayar ta sake turo buƙatar, kujerar da aka biya ta koma ta banza. Faɗa wa rumbun abin da kake so gurbin ya zama. Ka kuma adana lambar mai saye a cikin wannan umarnin, don in shi ne ya sake turowa ka gane kujerarsa ce.

Saura suna. Sa wa aikin da ke tura umarnin suna kamaKujera(), ta dawo da TRUE ne kawai idan wannan kiran ne ya kama. FALSE na nufin an riga ka. In kuwa lambar kujerar ce babu ita, jefa kuskure daban, kada wanda zai gyara manhajar bayanka ya yi ta lalube.

Kafin ka saki manhajar, buɗe taga biyu na rumbun bayanan, fara da BEGIN (buɗe aiki) a kowace, tura umarnin a duka, ka ga ta biyu ta tsaya cak har sai ta farko ta yi COMMIT, wato ta tabbatar da canjin.