Yadda zaka gane mindar sojan da ta gaske ce ko jabu, da abin da ke sa ta daraja

In dai kana son fara tara kayan tsofaffin sojoji to ka fara daga gida kafin ka tafi kasuwa ko intanet, domin gidaje da yawa a Arewa akwai wata tsohuwar adaka da ba wanda ya buɗe tun rasuwar kaka, a ciki zaka tarar da minda, wato lambar yabo, da bajen hula da maɓallai, in kayi sa'a harda takardar sallama. Mutanenmu sun je yaƙin Kamaru a 1914, sun je Habasha a 1941, sannan ga yaƙin Bama da runduna ta 81 da ta 82 suka yi da Japan, shi yasa ma har yau akwai barikin Chindit a Zariya da na Dodan a Legas, duk sunayen daga can aka kwaso su.

Abu na farko in minda ta shigo hannunka, kar ka tsaya kallon fuskar Sarkin Ingila, juya ta ka duba baki. Na yaƙin duniya na farko duk an buga musu lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa, masu zagaye a bakinsu, tauraruwar 1914-15 kuma a bayanta. Zaka ga an rubuta NIG. R. in ɗan rundunar Najeriya ne, kuma sunan yawanci da garin mutum ake haɗawa, wane Kano, wane Katsina, haka Turawa ke rubuta su lokacin ɗauka. To a nan 'yan damfara suke wasa, sai su sami mai arha su goge sunan asali da magagari su zana wani. Sa ta a hasken rana ka duba da gilashin ƙara girma, in an goge zaka ga bakin ya sirance a gefe ɗaya ko kaga sawun tsoffin haruffa a ƙasa, kuma mai zagayen faɗinta milimita 36 ne, auna ta ta ɓangarori biyu uku, in wani gefen ya gaza an taɓa ta. Haruffan asali da inji aka danna su, zurfinsu ɗaya, ba kamar rubutun maƙerin zobe ba.

Amma fa na yaƙin Hitila labarin daban ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. Ingila bata buga suna a kansu ba, haka aka raba su fili, sai irinsu Indiya da Afirka ta Kudu da Ostireliya ne suka sa wa nasu suna. Saboda haka tauraruwar Bama mai tsini shida da bayanta ba rubutu ba jabu bace don wannan kawai. Matsalar ita ce an buga su da yawa sosai, ita kaɗai bata da wani tsada komai daɗin bakin mai sayarwa, abin da ke ɗaga ta shine takardu, takardar sallama mai lambar sojan, hotonsa da kaki da jar dara, wasiƙar da ya aiko gida. Ni wlh in aka ce in zaɓa tsakanin taurari biyar tsirara da guda ɗaya mai takardarta, mai takardar zan ɗauka ba ko tunani. Kuma don Allah kar a raba kayan mutum ɗaya wai rabon gado kowa ya ɗau ɗaya, darajar a haɗe take.

Gwajin ƙarfe ba wuya, ta 1914-20 mai hoton Sarki Joji na biyar yawanci azurfa ce, mayen ƙarfe baya kama ta, in ya kama ka ajiye musu abinsu. Ta ainihi bugawa aka yi, gashin sarki da haruffa tas suke, jabu kuwa zubi ne kamar na tukunyar dalma, zaka ga 'yan ramuka da wani layi a baki. Ƙyallen da ke rataye da ita kar ya dame ka, ana canzawa in ya tsufa.

Bajen hula mai bishiyar kwakwar manja shima yana faɗin shekarunsa, sai a 1928 aka ƙara harafin R a gaban WAFF, wato sunan rundunar sojan Ingila ta Yammacin Afirka a taƙaice, ya zama RWAFF, don haka duk wanda ya nuna maka mai R yace da shi aka ci Kano to ya zuga ka. Wadda ta shafi cin Kano da Sakkwato ita ce mai hoton Sarki Edward da ɗan ƙarfe a saman ƙyalle an rubuta N. NIGERIA 1903, wannan tana da daraja sosai, sai dai ka duba ƙusoshin da suka riƙe ɗan ƙarfen don ana ciro shi daga wata a liƙa. Ni dai in na riƙe irinta jikina sanyi yake yi, don na san su wa aka harba kafin a bada ta.

In ka samu lamba da suna, gidan adana takardu na Ingila da ke Kew yana da rajistar waɗanda aka ba mindodi, wani ɓangaren yana intanet, wanda ya mutu a fagen daga kuma ka neme shi a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel. In sunan da lambar sun dace da rajista to ka kama dahir.

Kar ka goge ta da toka ko lemun tsami wai tayi ƙyalli, wannan duhun da ta yi masu saye sun fi son shi, busasshen tsumma mai laushi ya isa, ka ajiye inda ba laima. Harsashi da gurneti da bindiga kuwa ko kyauta aka baka kar ka karɓa, tsohon gurneti yana iya tashi, kuma in jami'an tsaro suka gani a ɗakinka ba wanda zai tsaya jin cewa tarihi kake tarawa.