Kwanon yaro ya fara cika kafin a kai kasuwa

'Yan uwa iyaye, ga wata shawara da ta daɗe tana ci min rai. Yawancin gidajen karkara ba yunwar hatsi ce ke addabar yara ba, rashin haɗi ne. Ciki ya cika da abu ɗaya kullum, amma jiki bai samu abin gina shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nono zalla har wata 6, sannan a fara ba shi abinci ana ci gaba da nono har shekara 2. Nonon nan kyauta ne, kada a yi gaggawar yaye.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne a sayar da ƙwan kaji duka a sayo kayan zaƙi na leda. Don Allah a ware ƙwai ɗaya, a dafa, a murƙushe wa yaron. Wake kuma a saya lokacin kaka da yake da araha, a adana shi da kyau kada ƙwari su cinye. A dafa shi ya yi laushi, a haɗa da hatsi. Ganyen da ya yi yawa da damina a shanya shi a inuwa, zai kai ku rani.

Cikin yaro ƙarami ne, don haka abincinsa ya yi kauri har ya tsaya a cokali, ba tsululu ba, a ɗiga ɗan mai a ciki. Daga wata 9 a ba shi sau 3 zuwa 4 a rana, a kwanonsa daban, don manyan yara kada su riga shi.