Ampili mai aji D: yadda za ka zaɓa, da yadda za ka zauna da shi a zafin Damagaram

Ranar da na kawo ƙaramin ampilina, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, gida wani abokina ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ce wai wannan abin da bai kai gwangwanin madara nauyi ba shi ne zai tuƙa bafil biyu? Ban yi gardama ba, na jona na kunna, shi ke nan ya ja kujera ya zauna. Mu nan mun saba in kaya ba nauyi to ba ƙarfi, kuma a kan tsofaffin ampili gaskiya ne, don babban tiransifoma da ƙarfen sanyaya su ne nauyin. Amma wannan zubinsa daban ne.

Ana ce masa aji D, kuma D ɗin ba wai dijital ba ne kamar yadda wasu masu shago ke faɗi, harafi ne kawai da ya biyo bayan A da B da C. Tiransistocin cikinsa ba su tsayawa rabi-rabi, ko a kunne suke gaba ɗaya ko a kashe, suna yin haka sau dubu ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, faɗin kowane bugu shi ke ɗauke da sautin, sannan a bakin fita akwai naɗin waya da kondansater da suke tace wannan kunna-kashen su bar waƙa zalla ta wuce bafil. Amfanin shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na kuran ɗin da ya sha yana tafiya bafil, alhali aji AB, zubin tsofaffin ampilin da muka saba da shi, in ya yi ƙoƙari bai wuce 50 zuwa 60 ba, sauran duk zafi ne yake zubarwa cikin ɗaki. To ka tuna watan Afrilu da Mayu a garin nan, zafi ya haura digiri 40, ga kuran yana zuwa yana tafiya, mutane da yawa sun koma fano da batiri. Ni a ganina babu ampilin da ya dace da mu kamar wannan. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1964 kamfanin Sinclair a Ingila ya sayar da irinsa, sai dai a lokacin sautin bai yi kyau ba, a ƴan shekarun nan ne ya gyaru sosai.

In ka shiga kasuwar Dole ko ka ba wani saƙo Kano, abu na farko ka manta da lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, 1000W, 2000W, musamman in ka ga PMPO a gefenta, wannan talla ce. Nemi wat na RMS, wato ƙarfin da yake iya bayarwa a kai a kai, a kan om nawa (ma'aunin juriyar bafil ga wuta), da bolt nawa. Ka tambayi sunan ƙwaƙwalwar da ke ciki. Wadda ta fi yawa a ƙananan ampili ita ce TPA3116D2 ta kamfanin Texas Instruments, tana ba da wajen wat 50 kowane gefe a bafil mai om 4, tana aiki daga bolt 4.5 har 26. Yayarta TPA3255 ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba kuma ta fi ta tsabtar sauti, amma tana son bolt mai yawa, galibi 32 zuwa 48. Can sama kuma akwai na masu hali, Hypex na Holan da Purifi da ICEpower na Danmak, waɗannan sai dai a yi odarsu. Don falo ko ɗakin kwana mai TPA3116D2 ma ya wadatar.

Wurin da nake so ka tsaya ka natsu shi ne abin da ke ba shi wuta, don nan ne mutane ke cutar kansu su ce ampilin ne ba shi da kyau. Ƙarfin da zai fitar yana hannun bolt ɗin da ka ba shi. A bolt 12 da bafil mai om 4, iyakar abin da za ka samu mai tsabta wajen wat 18 ne, ko da me aka rubuta a jikinsa. A bolt 24 lissafin ya ninka huɗu, in bafil ɗin om 8 ne kuma sai ka raba biyu. Saboda haka in kana son wat 50 ɗin nan na gaske, nemi adafta mai bolt 24 da amfiya 5. Sharjar kwamfutar tafi-da-gidanka mai bolt 19 ma tana yi in ta asali ce, ni da ita na fara. Wadda ba ta da kyau za ka gane ta, da ganga ta buga da ƙarfi sai sauti ya shaƙe ko ampilin ya ɗauke ya dawo.

Masu fano, batiri ɗaya mai bolt 12 ba matsala, ko da rana ta cika shi ya kai 14 da ɗoriya. Amma in batiri biyu ka haɗa suka ba da 24, kar ka jona TPA3116 kai tsaye, don lokacin caji suna haura 28, ita kuwa 26 ne iyakarta. Sa abin rage bolt a tsakani, sa fiyus kusa da batirin, kuma ka duba jan waya da baƙa sau biyu kafin ka jona.

Wani abin da ya taɓa cin mini kuɗi: yawancin waɗannan ampili baƙar wayar bafil ba ƙasa ba ce, wato ba waya marar wuta ba ce, ita ma tana ɗauke da wuta kamar jar. Na taɓa haɗa baƙar hagu da ta dama wuri ɗaya don in rage waya, kamar yadda muke yi a tsohuwar rediyo, ampilin ya yi shiru bai sake magana ba, har yau ina jin zafin abin. Kowace bafil da wayoyinta biyu, kar su taɓa juna, kar su taɓa ƙarfen jikin ampili.

Kafin ka biya ka ce a jona maka. Kashe waƙar, ƙara murya rabi, kai kunnenka kusa da ƙaramar sifikar sama. Ɗan shuu kaɗan ba komai, amma in kana jinsa daga inda za ka zauna to bar shi. In da hali ka je da bafil ɗinka, don masu arha sautinsu na sama yana canzawa gwargwadon om ɗin bafil, a wata ya yi kaifi a wata ya dushe. Waɗanda aka rubuta PFFB a bayaninsu sun rage wannan matsalar sosai. Kuma in kuɗinka ba su da yawa zuba mafi yawansu a bafil mai kyau, ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji.

Zama da shi ba wuya. Ba ya zafi sosai amma ba a ce ba ya yi ba sam, kar ka rufe shi da ƙyalle ko ka ɗora shi kan dikoda, bar masa iska. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, ita ce ke sa maɓallin murya ya riƙa ƙarar-ƙarar in ka juya, to in ka kashe shi ya huce sai ka lulluɓe, lokaci-lokaci ka hure shi da busasshen burushi. Ampilin ne na ƙarshe a kunnawa, shi ne na farko a kashewa, don kar bafil ta yi ɗum ɗin nan. In kuran ya tafi zare shi daga bango sai wuta ta dawo ta zauna, haka ma in hadari ya taso da walƙiya. In kana jin zuuu lokacin da wayarka ke caji kuma tana jone da shi, cire cajin ka gani, yawanci shi ne.

Sai maganar Baba da rediyonsa. Saboda saurin kunna-kashen nan, mai arha yana iya sa rediyon gajeren zango ya riƙa ƙugi, a gidanmu sai da muka gano haka da labaran safe. Na gajarta wayoyin bafil, na murɗa kowane biyu tare kamar igiya, na matsar da ampilin ɗaya kusurwar ɗakin nesa da eriyarsa, ƙugin ya ragu har ba a jinsa. Duk da haka in lokacin labaru ya yi kashewa nake, in ya gama saurare in mayar.