Kurakuran da aka fi yi wajen ginin bututun hayaƙi

Masu injinan gyaran shinkafa a Kura, Bunkure da Haɗejia na buƙatar dogon bututu don fitar da hayaƙin ɓuntun da suke hura tukunya da shi. Sai dai da yawa sukan miƙa aikin ga birkilan da ya saba da katanga, shi kuma ya yi lissafin nauyi kawai.

Babban kuskuren ke nan, domin iska ce ke kayar da bututu. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take tura gini da shi kan ninka huɗu, kuma can sama ta fi kaɗawa. Sannan idan ta ratsa gini mai zagaye, takan riƙa juyawa ta dama da hagu, ta sa shi rangaji har rodi ya gaji. Shi ya sa bututun tashoshin lantarki ke da faɗi da kauri a gindi, su tsuke a sama. Haka aka gina na Ekibastuz a Kazakistan, mai kusan mita 420, a 1987. Naka ko mita 20 ne, Alhaji, nemi injiniya ya yi lissafi da guguwar farkon damina, ba da iskar yau da kullum ba.

Sai fandisho. Ƙasar fadama na kumbura da damina, ta tsattsage da rani. Ɗan nutsewa a gefe guda ya isa ya karkatar da saman bututu. A gwada ƙasar tukuna, a faɗaɗa gindin.

Wani abin da ake rainawa shi ne zafi. Ciki na ƙuna, waje na shan sanyin hunturu, sai kankare ya tsage daga sama zuwa ƙasa. Maganinsa a jera bulo mai jure wuta daga ciki, a bar tazara tsakaninsa da bango, a kuma sa rodi mai zagaye kamar zobe a kowane hawa. Rodin kuma kada a manna shi da katakon da ake zuba kankare a ciki. A ba kankare wuri ya lulluɓe shi, in ba haka ba tsatsa za ta ci.

Ga kuma gaggawa. A zuba yau, a kwance katako gobe a ɗora wani hawa, wai don kaka ta matso. Kankare na son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman da hunturu. Ginin da bai kammala ba ma yana faɗuwa: a Korba ta Indiya, a Satumban 2009, bututun tashar lantarki ya rufta ana tsakar aiki cikin hadari, sama da mutum 40 suka rasu.

Ƙarfen kare tsawa kuwa tun farko ake sa shi, a saukar da wayar tagulla har cikin ƙasa mai danshi.