Yadda Ake Dafa Posole ba Tare da Nama ba

Posole romon masara ne da ya yi fice a kudu maso yammacin Amurka, musamman a jihar Niyu Meziko, inda iyalai da yawa ke dafa shi a daren jajiberin Kirsimeti, al'ummomin Pueblo, wato 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, kuma ke ciyar da baƙi da shi a ranakun bukukuwansu. Bisa al'ada da naman alade ake yin sa, sai dai ƙashin bayan wannan girki masara ce da busasshen jan barkono, don haka wanda ba ya cin abin da ya fito daga dabba zai iya samun cikakken ɗanɗanonsa muddin ya ba waɗannan biyun haƙƙinsu.

Masarar ba kowace iri ba ce. Wadda ake buƙata ita ce wadda aka dafa a ruwan farar ƙasa ko na toka har ɓawonta ya saki, dabarar da mutanen ƙasar Meziko suka gada tun kafin zuwan Turawa, wadda ke ba ƙwayar ƙamshi na musamman, ta kuma sa jiki ya iya amfana da sinadarin niyasin, wato bitamin B3, da ke cikinta. Ana sayar da ita a gwangwani, amma busasshiyar ta fi daɗi nesa ba kusa ba. A jiƙa giram 450 ta kwana, a jiƙa kofi 1 na waken pinto, wani wake mai ɗigo-ɗigon launin ƙasa, a wani mazubi daban. Da safe a ɗora masarar da sabon ruwa mai yawa da rabin albasa, a rage wuta, a bar ta awa 2 zuwa 3 har ƙwayoyin su tsage su buɗe kamar fure. A dafa waken a tukunyarsa, kuma kada a zubar da ruwansa, domin shi ne zai ba romon kaurin da ƙashi kan bayar.

Haɗin barkonon ne ya fi buƙatar natsuwa. A sami busasshen barkonon Niyu Meziko guda 10, irin wanda ake nomawa a kwarin Hatch ko a Chimayo, mai faɗi da matsakaicin yaji. A cire hancinsa, a kakkaɓe 'ya'yan, a gasa shi a busasshen kasko na ƙasa da minti 1, domin da zarar ya ƙone ɗacinsa zai mamaye tukunyar baki ɗaya, kuma babu abin da zai gyara ta. A jiƙa shi a ruwan zafi na minti 20, a markaɗa da tafarnuwa sala 4 da ƙaramin cokali na busasshen ganyen oregano, wani ganye mai ƙamshi da ake sawa a girki, a tace da rariya don a raba shi da ɓawo, sannan a soya markaɗen a cikin mai cokali 3 na kusan minti 10, ana juyawa har launinsa ya yi duhu.

Gurbin naman kuwa, laimar kwaɗi irin wadda ake ci ce za ta cike shi. A yanka giram 300 manya-manya, a soya da sauran albasar a wuta mai ƙarfi, ba tare da yawan juyawa ba, har ruwanta ya ƙafe gefenta ya yi ja. Mai gaggawar da ya zuba ta ɗanya zai tarar da ita lakaf, babu ɗanɗano. Kada kuma a yi rowar mai, tunda kitsen da aka cire dole a maye shi da wani abu.

A juye waken da ruwansa, da barkonon, da laimar a cikin tukunyar masara, a sa gishiri, a bar su minti 30 a ƙaramar wuta. Romon ya kasance da ruwa-ruwa yadda za a sha da cokali. A zuba a kwano, a ɗora yankakken kabeji da ɗanyar albasa, a matsa lemun tsami a kai. Wannan adadi zai wadatar da mutum 6, kuma wanda ya kwana a firji ya fi na ranar farko daɗi, saboda masarar ta gama tsotse barkonon.