Yadda ake gwada tasirin ƙaramin radiyeshin na dogon lokaci a kan ƙwayoyin gadon ɓeraye

Ko ba a haska wa ɓera radiyeshin (hasken nukiliya da ido ba ya gani) ba, ana haifar ɗansa da sababbin sauye-sauye kimanin 20 zuwa 30 a DNA ɗinsa (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado), waɗanda babu su a jikin uwa ko uba. Abin da ƙaramin radiyeshin zai ɗora a kan wannan kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa sakaci kaɗan a tsarin gwaji kan haɗiye sakamako na gaskiya, ko ya fito da na ƙarya.

A fara da awo, kuma abu biyu ake rubutawa: jimillar radiyeshin da ya shiga jikin dabba, da saurin shigarsa. A 1958 William Russell da abokan aikinsa a Oak Ridge ta Amurka sun nuna cewa idan aka rarraba awo guda a kan makonni, sauye-sauyen da ke fitowa daga uwayen ƙwayoyin maniyyi (ƙwayoyin da ke samar da maniyyi) kusan sulusi ne na abin da ake samu idan an ba da shi cikin mintoci. Dalili kuwa, ƙwayar halitta tana samun sararin ɗinke DNA ɗin da ya tsinke. Tsarin da ya cancanci koyi shi ne na cibiyar binciken muhalli ta Rokkasho a Japan: hasken gamma (radiyeshin mai ratsa jiki) daga sinadarin sisiyam-137, awa 22 kullum, har kwana 400, a matakai uku na 0.05, 1.1 da 21 mGy a rana (mGy ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha ne). Jimillarsu ta kama kimanin 20, 400 da 8,000 mGy. Ragowar awa biyun na shara ne da ba da abinci da duba lafiyar dabbobi. Matakin ƙasan ya yi kusa da iyakar 20 mSv a shekara da aka gindaya wa ma'aikatan radiyeshin (a hasken gamma, mSv ɗaya daidai yake da mGy ɗaya), alhali matsakaicin abin da mutum ke samu daga muhalli, a ƙiyasin 2008, 2.4 mSv ne a shekara.

Sisiyam-137 ya fi dacewa da dogon gwaji, domin sai bayan shekara 30 ƙarfinsa ke komawa rabi. Kobalt-60 kuwa, wani sinadarin da ke ba da hasken gamma, shekara 5.3 ne, wato ƙarfinsa zai ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari kafin kwana 400 su cika, sai dai a riƙa matso da keji ana gyara lissafi. Da nisa ake daidaita awo: in aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin haske ya koma rubu'i. Amma kada a tsaya ga lissafin takarda. A sa na'urar awon radiyeshin a cikin kejin kansa, a tsayin da ɓera ke zama, domin bango da ƙasa suna dawo da wani sashe na hasken, kwalbar ruwa kuma tana tare wani. A riƙa juya wuraren kejin kowane mako. Izinin hukumar kula da nukiliya, da na kwamitin kula da dabbobi, da ƙofar da ke rufe tushen hasken da zarar an buɗe ta, duk sai sun samu kafin ɓera ɗaya ya shiga ɗakin.

Rukunin kwatance, wato waɗanda ba a haska wa komai ba, nan ne gwaji ya fi lalacewa. Dole su zama iri ɗaya da na gwajin, abinci ɗaya, zafin ɗaki ɗaya, lokacin kunna fitila ɗaya, kuma sa'o'in juna a haihuwa. Namijin da ya gama kwana 400 ya haura shekara, tsufan uba kuma da kansa yana ƙara sauye-sauye a 'ya'ya. Wanda ya kwatanta shi da matashin ɓera, tsufa ya auna yana zaton radiyeshin ne.

Maza ake haskawa, a haɗa su da matan da ba a haska ba, saboda ƙwan macen ɓera yana mutuwa ko da ɗan ƙaramin awo, har ta daina haihuwa. Lokacin barbara yana da muhimmanci. Maniyyin ɓera na ɗaukar kimanin kwana 35 kafin ya kammala, ban da kwanakin fitowarsa. In aka haɗa su a makon farko bayan an gama haskawa, har da maniyyin da hasken ya tarar ya riga ya nuna ake gwadawa, shi kuwa ba ya iya gyara DNA ɗinsa. Mai son ganin abin da ya zauna a uwayen ƙwayoyin, wanda zai bi dabba har ƙarshen rayuwarta, sai ya jira aƙalla mako bakwai.

A karanta dukkan DNA na uba da uwa da ɗa, kowane wuri a bi ta kansa kimanin sau 30, sannan a tabbatar da kowane sabon sauyi ta wata hanya dabam, don kurakuran na'ura sun fi sauye-sauyen gaske yawa. Mai karantawa kada ya san rukunin da samfur ya fito. Ƙidayar canjin harafi ɗaya-ɗaya ba ta wadatar ba. Alamar radiyeshin ta fi bayyana a yankin DNA da ya ɓace gaba ɗaya, da sauye-sauyen da suka taru kusa da juna. Wajen lissafi kuma uba ake ƙirgawa, ba 'ya'ya ba, tunda 'yan uba ɗaya kan gaji sauyi guda daga ƙwaya ɗaya.

Yawan dabbobi kuwa tun kafin a fara ake lissafa shi. Kwamitin kimiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya kan radiyeshin ya ƙiyasta cewa kimanin 1,000 mGy ne ke ninka sauye-sauyen gado. A bisa wannan, rukunin 20 mGy ƙarin kashi 2 cikin ɗari kawai ake sa ran gani, abin da ubanni goma ko ashirin ba za su taɓa nunawa ba. Binciken 2021 kan yara 130 da iyayensu suka sha radiyeshin hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl bai ga ƙari ba, haka ma na 'ya'yan waɗanda suka tsira daga harin bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Idan gwajin ɓeraye ya fito haka, a rubuta mafi ƙanƙantar ƙarin da yawan dabbobin ya iya kawar da yiwuwarsa, tare da awon da aka samu a kowane keji.