Yadda zaka zaga ƙananan tsibiran teku da jirgin ruwa ba tare da ka maƙale a can ba

Duk wanda ya ce min yana son zuwa irin tsibiran nan da ke watse a gefen teku, abu na farko da nake tambayarsa shine yaushe jirgin ƙarshe yake dawowa. Yawanci sai kaga mutum yayi shiru, ya san lokacin tafiya sarai, ya ma sayi tikiti, amma dawowa ya barta sai yadda hali yayi. Toh gaskiya daga dawowar ake fara tsara wannan tafiya, sauran abubuwan duk a kanta za'a jera su. Ƙaramin tsibiri ba gari bane da in mota ta wuce ka zaka tsaya bakin titi ka tare wata, wani wurin jirgi ɗaya ne a yini, wani ma a sati, kuma in iska ta tashi shi ɗin ma sai a soke shi babu wanda zai baka haƙuri.

Ka fara da sanin wane irin wuri zaka, dan ba duka suke ɗaya ba. Tsibiran da ke gaban Istanbul a Turkiyya, su Büyükada da Heybeliada, jirgin fito na zirga-zirga tun safe har dare kamar bas ɗin cikin gari, wannan ko ka makara wani na tafe. Tsibiran Scilly na Ingila kuwa kusan kilomita 45 suke daga gaɓa, babban jirgin da ke tashi daga Penzance yana cin wajen awa 2 da minti 45 kuma baya aiki da hunturu, in ka sauka a babban tsibirin sai ka sake shiga ƙananan jirage zuwa sauran. Bijagos na Gini Bisau tsibirai 88 ne, wajen 20 kawai mutane ke zaune a kai, kuma tashin jirgi daga Bisau zuwa Bubaque, ɗaya daga cikinsu, yana bin cikar teku ne. Tsibiran Los da ke gaban Konakiri a ƙasar Gini kusa suke, kwale-kwale mai inji ne ke kai mutane. Kaga shirin wanda zai je na farkon ba zai yi wa mai zuwa Bijagos ba.

Yanzu maganar cikar teku da janyewarta, nan zan ɗan daɗe saboda nan ne mutane suka fi shan wahala, musamman wanda bai taso kusa da teku ba. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika wajen awa 12 da minti 25, shi yasa kullum lokacin yake matsawa gaba da kamar minti 50. Wato in yau ruwa ya cika ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura minti goma, kar ka ɗauki lokacin da wani yaje makon jiya ka ɗora tafiyarka a kai. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi, dan haka kwana ɗaya ko biyu bayan wata ya ɓuya zai tsaya, da kuma bayan daren sha huɗu, cikar tafi yawa janyewar ma tafi nisa, ruwan kuma yafi gudu a mashigin da ke tsakanin tsibirai. Akwai jadawalin wannan na kowace tasha, a intanet ko a manne a ofishin tikiti, ka ɗauki hotonsa a waya tun kana da sabis.

Abin da yasa na damu da wannan, akwai wurin da in ruwa ya janye jirgi bazai iya matsowa gaɓa ba, sai dai ka naɗe wando ka taka cikin taɓo, ko ku zauna jiran awanni. Akwai kuma inda yashi ke fitowa tsakanin tsibiri da tsibiri har mutum ya taka da ƙafa ya haye, a Scilly ana yin haka tsakanin Tresco da Bryher in an samu babbar janyewa. Abin sha'awa ne wallahi, amma ruwan in zai dawo ba daidai yake dawowa ba. Cikin awa shidan da yake ɗauka yana cika, awar farko kaɗan-kaɗan yake tahowa har ka raina shi, awa ta uku da ta huɗu kuwa su kaɗai suke kawo rabin ruwan gaba ɗaya, kuma ta cikin kwari yake zagayowa ya yanke maka hanya ta baya kana can kana ɗaukar hoto. Kar ka haye sai ka tambayi ɗan wurin, in yace minti arba'in kake da shi toh ka juyo a talatin.

Sai zaɓin jirgi. In karon farko ne, ko kana tare da yara ko tsofaffi, shiga jirgin fito kawai, shi yake da lokaci, yake da rumfa da banɗaki. Ka sayi tikitin zuwa da dawowa tare in ana sayarwa, ka riƙe katin shaida dan wasu tashoshin sai an rubuta sunan kowa, kuma wannan rubutun dan amfaninka ne, da shi ake sanin mutum nawa ke ciki in wani abu ya faru. Mai filafilai kuwa, wato wanda iska ke tura ƙyallensa, daɗinsa daban ne, babu ƙarar inji babu warin mai, sai ƙarar ruwa a jikin katako, kuma shi ne zai kai ka lungunan da babban jirgi baya shiga. Amma fa sai mai haƙuri. Gudunsa na yau da kullum bai wuce kilomita 9 zuwa 11 a awa ba, baya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya riƙa karkata dama ya karkata hagu yana cin hanya a hankali, tsibirin da kake hange da ido sai ya cinye maka rabin yini. Matuƙan gabashin Afirka na wajen Lamu da Zanzibar da iskar shekara suke tsara tafiya, kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, da kusi mai zuwa daga kudu a tsakiyar shekara wadda tafi ƙarfi. Ko ina zaka akwai irin wannan lokacin da teku ke kwanciya da lokacin da take fushi, ka tambaya tun kafin ka sa rana. In ka shiga mai filafilai ka zauna inda matuƙi ya nuna maka, ka kula da sandar nan da ke ƙasan ƙyallen, in jirgi zai juya tana sharowa daga gefe zuwa gefe daidai tsayin kai, kuma kar ka sa ƙafa cikin igiyar da aka naɗe a ƙasa.

Kafin ka taka kowane jirgi ka tsaya ka kalle shi da kyau. Rigunan ruwa masu hana nutsewa suna ina, sun kai yawan mutane, akwai na yara? Akwai rediyon kiran agaji, wanda a teku tasha ta 16 ce ta neman ceto a duk duniya? In ƙarami ne mai inji ɗaya, akwai anka, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi, da abin kwarfe ruwa da man ajiya? Sannan lodi. In kaga gefen jirgi ya kusa shafar ruwa ana kuma ƙara cusa mutane da buhuna, sauka, ko da ka biya. Jirgin Joola na Senegal da ya kife ranar 26 ga Satumba 2002 an ƙera shi ne dan mutum ƙasa da 600, waɗanda hukuma ta ƙirga sun mutu 1,863. A Satumban 2011 ma wani ya nutse tsakanin tsibiran Unguja da Pemba na Zanzibar da lodin da yafi ƙarfinsa. Ina faɗin wannan ne dan na san kunyar da ke kama mutum ya miƙe ya fita gaban jama'a, a ce masa matsoraci, toh a ce ɗin. Rigar kuma a ƙaramin jirgi a jiki ake sa ta a ɗaure, wadda ke ƙarƙashin benci bazata yi maka komai ba in jirgi ya juye cikin daƙiƙa biyar.

Ka duba hasashen iska daren tafiya ka sake dubawa da asuba. In ana maganar kilomita 40 a awa ko fiye, ƙaramin jirgi bashi da aikin fita. Sau da yawa safiya tafi lafawa, iska na tasowa ne bayan rana ta take, dan haka ka tafi da wuri ka dawo da wuri, kuma in matuƙi yace yau ba'a fita kar ka lallashe shi da ƙarin kuɗi, kar kuma ka koma wajen wani da zai yarda.

Jiri da tashin zuciya kam suna kama har waɗanda suka saba. Zauna tsakiyar jirgi inda yafi rashin tangaɗi, inda iska ke kaɗa ka, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ka ajiye waya. Kar ka shiga da yunwa kar kuma ka cika ciki. In zaka sha maganinsa sai minti 30 zuwa awa ɗaya kafin tashi, bayan amai ya fara an makara, kuma yana sa barci, mai ciki ko mai wani ciwo ya fara tambayar likita.

Kaya ka rage su sosai, jaka ɗaya mai laushi da zaka goya hannunka biyu su zama a sake wajen hawa da sauka. Ruwan sha fiye da yadda kake zato, dan yawancin ƙananan tsibirai ruwan daɗi shine abinda suka fi ƙaranci, ba daidai bane baƙo yaje ya shanye musu. Tsabar kuɗi, pawa bank, hula, riga mai dogon hannu saboda rana tana dukanka ta sama tana dawowa ta kan ruwa, takalmin da zai jure jiƙa dan akwai duwatsu masu kaifi da halittu masu ƙaya a ƙasan ruwan. Waya da takardu cikin leda mai zif. Maganin da kake sha kullum ka ɗauki na ƙarin kwana biyu ko da yini ɗaya kayi niyya.

In ka isa kar kace sai ka taka tsibiri biyar a rana ɗaya, biyu sun isa, wani lokacin ma ɗaya, in ba haka ba duk yinin a hawa da sauka zai ƙare. Wasu tsibiran an hana sauka lokacin da tsuntsaye ko kunkuran teku ke ƙwai, wasu kuma masu wurin suna da wuraren da baƙo baya shiga, a Bijagos akwai irinsu da yawa, ka nemi izini kafin ka kutsa ko ka ɗauki hoton mutum. Sharar ka kuma ka dawo da ita a jakarka, babu motar kwasar shara a can.

In ka ɗauki hayar jirgi da zai sauke ka ya tafi, kai da matuƙin ku tsayar da wuri da lokacin dawowa a fili gaban shaida, ka karɓi lambarsa, ka riƙe wani kaso na kuɗin sai ya dawo da kai, sannan ka tambaye shi ko nan ɗin da ya ajiye ka nan zai ɗauke ka, dan in ruwa ya janye ko iska ta juya sau da yawa ta ɗaya gefen tsibirin jirgi ke tsayawa. Ka bar wa wani a gaɓa sunan tsibirin da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka. Ka nufi jirgin da ke kafin na ƙarshe, na ƙarshen ya zama na ko-ta-kwana, kuma ka kasance a tasha da rabin awa kafin lokaci da tikitinka a hannu.